Babi na Biyar: Zafi, Ƙura da Ƙarar Fanka

"Me ya sa ɗan akwatin nan yake ƙara haka, kuma yaya za a yi ya yi shiru?" Kusan duk wanda ya kafa akwatin ajiyar bayanai a gidansa a Abuja sai ya yi wannan tambaya, galibi da zarar bazarar farko ta kama shi. A babin da ya gabata mun ga yadda ake zaɓen akwatin, wanda masu sayarwa ke kira NAS, da yadda ake jona shi da rauta, domin hotunan biki da takardun aiki da karatuttukan malamai su taru a wuri guda, kowa a gida ya same su ta wayarsa. Ranar da aka kawo shi, sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji motsinsa. Bayan 'yan watanni kuwa, da dare ya tsala, unguwa ta yi tsit, sai ka ji shi tun daga falo yana huci, wani lokaci har da kaɗawar da ke bin katako.

Abin da ke fara zuwa wa mutum shi ne ya rage gudun fankar, ko ya tura akwatin cikin kabad ya rufe. Duk biyun suna kawo shiru na ɗan lokaci, kuma duk biyun suna iya cinye faifan da ka damƙa wa amanar hotunan 'ya'yanka. Fanka ba ta ƙara gudu haka kawai. Zafi ne yake kora ta. Saboda haka wanda yake son shiru, zafin zai fara kora, sannan ya waiwayi fanka.

Daga ina zafin yake fitowa?

A cikin akwatin akwai faifan ajiya biyu ko huɗu, kowanne da farantai masu juyawa sau 5,400 ko sau 7,200 a minti ɗaya, dare da rana. Akwai kuma ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke kula da shiga da fitar bayanai. Duk wutar da waɗannan suka sha, zafi take komawa, ba abin da ke ɓacewa. Akwati mai faifai biyu yakan sha kimanin wat 15 zuwa 20 idan yana aiki. Wannan ba wani yawa ba ne, amma an tara shi ne a ɗan ƙaramin wuri, faifai kusa da faifai, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin yatsa ba.

Aikin fanka shi ne ta jawo iskar ɗaki ta gaba da gefuna, ta bi da ita ta tsakanin faifan, ta fitar da ita ta baya. A nan ne ya kamata mai karatu ya riƙe wata gaskiya guda, domin duk abin da zai biyo baya a kanta ya tsaya: fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar da ta samu ita take turawa. Idan iskar ɗakin tana digiri 34 a ma'aunin Salshiyos, ko fankar za ta yi gudun ceton rai, faifan ba zai taɓa sauka ƙasa da 34 ba. Hasali ma yakan ɗara zafin ɗakin da kimanin digiri 10.

To, yi lissafi da yanayin Abuja. A watannin Maris da Afrilu, kafin damina ta kankama, zafin rana yakan kai digiri 37, wata rana ya doshi 40. Ɗakin da ke ƙarƙashin rufin kwano a Kubwa ko Lugbe ko Karu, ko benen ƙarshe a Gwarinpa, yana riƙe wannan zafi har tsakar dare. Kamfanonin da suka fi ƙera irin waɗannan akwatuna, Synology da QNAP na ƙasar Taiwan, sun rubuta a takardun yawancin akwatunansu na gida cewa iyakar zafin wurin da za su yi aiki digiri 40 ne. Ke nan a bazara muna zaune ne a bakin iyaka, alhali mai irin akwatin a Jamus ko Ingila yana ajiye nasa a ɗaki mai digiri 21.

Zafi nawa ne ya yi yawa?

Kada tsoro ya yi yawa. Faifan ajiya ba ƙanƙara ba ne. Masu ƙera shi, irin su Seagate da Western Digital, suna ba da iyakar digiri 60 ko 65, kuma akwatuna da yawa suna kashe kansu idan faifai ya kai wajen 60, don kare abin da ke ciki. Amma iyaka daban, lafiya daban.

A shekarar 2007 injiniyoyin kamfanin Google sun fitar da nazarin da suka yi a kan faifai fiye da 100,000 da ke aiki a cibiyoyinsu. Sun gano cewa matsakaicin zafi ba ya kashe faifai kamar yadda ake zato, har ma waɗanda aka sanyaya fiye da kima sun fi saurin lalacewa. Inda zafi ya nuna illarsa a fili shi ne a faifan da suka kai shekara uku ko huɗu suna aiki a sama da digiri 45. Daga baya, a 2016, masu bincike daga Jami'ar Rutgers ta Amurka da kamfanin Microsoft sun duba faifai fiye da miliyan ɗaya, suka ga cewa danshin iska ya fi zafi yi musu ɓarna. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a watannin Yuli da Agusta da Satumba iskar Abuja cike take da danshi, har takalmi yana yin fumfuna a kabad.

Daga waɗannan za mu iya ɗaukar ma'auni mai sauƙi. Daga digiri 30 zuwa 40, hankali kwance. Daga 40 zuwa 45, babu laifi, musamman a bazara. Idan faifai ya zauna a sama da 45 kullum, akwai gyara. Idan ya haura 50, gyaran na yau ne.

Ba sai ka sayi wani ma'auni ba. Kowane faifai yana da nasa a ciki, kuma shafin kula da akwatin, wanda kake buɗewa ta kwamfuta ko waya, yana nuna zafin kowanne. Duba shi sau uku a rana, da asuba, da la'asar, da bayan isha'i, ka rubuta, har mako guda. Wannan takarda ita za ta gaya maka ko gyaran da ka yi daga baya ya yi amfani. Wanda ya yi gyara ba tare da awo ba, kunnensa kaɗai ya gamsar, bai san halin da faifan ke ciki ba.

Wurin zama ne gyara na farko

Ga yadda abin yake a gidaje da yawa. An sa akwatin a cikin kantar talabijin, saboda nan rauta take. A gefensa dikoda, a samansa rautar, a bayansa tulin wayoyi, sannan allon katako ya toshe baya, ƙofar gilashi ta toshe gaba. Fankar tana fitar da iska mai zafi, iskar ta bugi allo ta dawo, akwatin ya sake shaƙarta. Bayan awa biyu, cikin kantar ya fi falon zafi da digiri da yawa, fankar kuwa ta ƙure gudu. Sa hannunka a bayan akwatin, za ka ji ɗumin ya taru bai da hanyar fita.

Wasu kuma suna kai shi ɗakin ajiya inda inbata da batura suke, don ya yi nesa da kunne. Niyyar mai kyau ce, amma inbata da ke caji tana fitar da zafin da ya ninka na akwatin, kuma irin wannan ɗaki sau da yawa ba shi da taga.

Wurin da ya dace yana da siffofi kaɗan. Ya kasance a fili, da tazarar aƙalla taƙi guda tsakanin bayan akwatin da bango. Ya kasance a gefen gidan da ranar yamma ba ta duka. Kada ya zama can sama kusa da silin, inda zafi ke taruwa, kada kuma ya zama a ƙasa kan kafet, inda ƙura ke taruwa. Tsayin tebur ya isa. Ya yi nesa da kicin, saboda tururin mai yana haɗuwa da ƙura ya zama danƙo, ya kuma yi nesa da tagar da hayaƙin janareta ko feshin ruwan sama ke shigowa. Dogon lungun da ke tsakanin ɗakuna yakan fi ko'ina dacewa, domin rana ba ta shiga kuma iska tana ratsawa. Abin da ake bukata kawai shi ne doguwar wayar sadarwa daga rauta, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Idan dole sai cikin kanta, to a cire allon baya, ko a huda shi daidai bakin fankar, a bar ƙofar gaba a buɗe. Ana iya ƙara babbar fanka mai jonawa ta USB a ramin bayan, tana tura iska waje a hankali.

Ƙurar hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana sauko mana da ƙurar Sahara. Ƙura ce mai laushi wadda ba ta jin rufe taga. Ka share tebur da safe, da yamma ka iya rubuta sunanka a kai. Akwatin da ke shaƙar iska awa 24 kuwa, tara ta yake yi.

Ka zaro faifai daga akwatin da ya yi hunturu ɗaya ba a buɗe shi ba, ka haska ciki da fitilar waya. Za ka ga ƙananan ramukan shigar iska sun yi gemu, gefen fukafukan fankar ya yi kauri da jar ƙasa, allon lantarkin ya lulluɓe. Illar iri uku ce. Ramukan da suka toshe suna rage iskar da ke shiga. Ƙurar da ta kwanta a kan kaya tana riƙe zafi. Wadda ta manne a fukafukai kuma ba ta manne daidai wa daida, sai fankar ta riƙa rinjaya gefe guda, ta fara gurnani, daga bisani ta cinye gindinta.

Sharar ba ta da wuya. A kashe akwatin ta hanyar da ta dace, a jira fitilunsa su mutu, a cire waya. A zaro faifan ɗaya bayan ɗaya, a sa wa kowanne lamba da biro don ya koma gurbinsa, a ajiye su a hankali a kan tebur. Kafin ka taɓa komai na ciki, taɓa ƙarfen ƙofa ko taga, domin a bushewar hunturu jiki yana tara irin lantarkin nan mai tartsatsi idan an gaisa, kuma shi ma yana kashe kayan kwamfuta. Sannan a fita waje da akwatin, a busa shi da bulowa ta hannu irin ta masu gyaran waya, a bi da buroshin fenti mai laushi. A danne fankar da yatsa lokacin busawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙarfinta. Ba a sa ruwa, ba a sa kananzir, ba a busawa da baki.

Sau ɗaya a wata a lokacin hunturu, sau ɗaya a wata uku a sauran shekara, ya wadatar. Mafi muhimmanci ita ce sharar ƙarshen Fabrairu, domin kada akwatin ya shiga zafin Maris da toshewar hanci. Masu lulluɓe shi da tsumma don kare ƙura kuwa, su daina. Shaƙe shi suke yi.

Ba kowace ƙara ce ta fanka ba

Kafin ka ɗora wa fanka laifi, saurara da kyau. Huci mai ɗorewa na iska ne. Ƙarar "ƙarr-ƙarr" ko gurnani mai hawa da sauka, gindin fanka ne ya gaji. Ɗan "tak-tak" mai zuwa yana wucewa, faifai ne ke karatu da rubutu, kuma halinsa ne. Amma idan ƙwanƙwasawa ce mai ƙarfi, mai maimaita kanta ba tsayawa, ka kwafe bayananka nan take, faifan yana ban kwana.

Akwai kuma kaɗawa, wato ƙugin da kake ji a jikin tebur fiye da a kunne. Gwajinta mai sauƙi ne: ɗora tafin hannu a saman akwatin ka ɗan danna. Idan ƙarar ta ragu, kaɗawa ce. Faifan da ke juyawa suna girgiza akwatin, shi kuma ya miƙa wa katakon da yake kai, katako mai rami a ciki ya ƙara mata amo. Maganinta a raba su: a shimfiɗa roba mai kauri ko ɗan soso mai tauri a ƙarƙashin ƙafafun, ba tare da an toshe ramukan iska na ƙasa ba, ko a mayar da shi kan kantar siminti. Idan marfin gaba ko maɗaukin faifai ne ke karkarwa, siririn ƙyalle mai laushi da aka manna a inda suke gogar juna yana kashe ta.

Rage kaɗawa yana amfanar faifan kansa. A 2008 wani injiniyan kamfanin Sun Microsystems mai suna Brendan Gregg ya nuna a bidiyo cewa ko ihu aka yi kusa da faifai masu aiki, sai saurin karatunsu ya ragu nan take. Saboda haka kada a ajiye akwatin kusa da babbar sifika.

Nau'in faifan ma yana da tasiri. Masu juyi 7,200 sun fi sauri, sun fi zafi, sun fi ƙara. Don ajiyar hotuna da bidiyon gida, masu juyi 5,400 da aka yi domin irin wannan akwati sun isa. Ga wanda aljihunsa zai ɗauka, kuma bayanansa ba su da yawa, akwai wani nau'in ma'ajiya da ake kira SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa, don haka ba shi da ƙara ko kaɗan.

Saitin da ke cikin akwatin

Yawancin akwatuna suna ba ka zaɓin gudun fanka: na shiru, na sanyi, da na cikakken gudu. Ba dole ka tsaya a kan ɗaya duk shekara ba. A damina da hunturu, saitin shiru yakan isa, muddin awonka ya nuna ƙasa da 45. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Mayu, a koma na sanyi, a haƙura da ɗan hucin.

Sannan a duba lokacin da akwatin ke yin manyan ayyukansa, kamar binciken lafiyar faifai, kwafe bayanai zuwa wani wuri, da tsara hotuna. Waɗannan su ke ɗaga zafi. Idan akwatin yana nesa da ɗakin kwana, a sa su tsakanin ƙarfe 2 na dare da asuba, lokacin da gari ya fi sanyi. Idan yana kusa da masu barci, a sa su da hantsi bayan an watse makaranta da aiki. Gidan da ba mai taɓa akwatin da dare yana iya tsara masa ya kashe kansa ƙarfe 11, ya tashi da safe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara mai ɗorewa a ɗakin barci ta wuce desibel 30, kuma akwatin da ke kashe ba shi da ko ɗaya.

Yaushe za a canza fankar?

Sai an gama duk na sama. Idan wurin ya gyaru, ƙura ta fita, kaɗawa ta mutu, amma gurnani bai daina ba, to fankar ta tsufa.

Ka lura da fankar silin da ƙaramar fankar caji ta hannu. Ta silin tana juyawa a hankali, ta cika ɗaki da iska, kusan ba a jin ta. Ƙaramar tana ta zuwwa a kunne, iskarta ba ta wuce fuska. Haka abin yake a akwati. Babbar fanka mai tafiya a hankali ta fi ƙarama mai gudu shiru, kuma idan aka rage gudun fanka da rabi, ƙararta tana sauka da kimanin desibel 15, alhali ragin desibel 10 kawai kunne yake ji kamar an raba ƙara biyu. Shi ya sa yake da kyau tun wajen saye a duba akwati mai fankar milimita 92 ko 120.

Idan za a canza, a cire tsohuwar a tafi da ita kasuwa, misali Banex Plaza da ke Wuse 2, a gwada da ido. Faɗi da kauri su zo ɗaya, ƙarfin wuta ya zo ɗaya, galibi volt 12, bakin jonawa ma haka, mai ƙafa uku ko huɗu. A duba kibiyar da ke jikinta don iska ta fita ta baya. Araha ba ta ado: fanka mai arha takan yi shiru wata biyu ta dawo da gurnani. Kamfanoni irin su Noctua na ƙasar Ostiriya sun yi suna wajen fanka marar ƙara.

Sai dai ga gargaɗi na musamman ga mu mazauna ƙasar zafi. Wasu fankoki shirunsu ya samu ne saboda ba sa tura iska sosai. Wadda ta wadatar a ɗakin Turai tana iya gazawa a Nyanya cikin Afrilu. Wani akwatin kuma idan ya ga gudun ya yi ƙasa da abin da ya sani, sai ya ɗauka fankar ta mutu, ya kama kuka. Buɗe akwatin da ke cikin garanti yana iya soke garantin. Bayan canji, a koma ga takardar awo. Idan zafi ya ƙaru da fiye da digiri biyu ko uku, shirun ya yi tsada.

A kunna masa esi?

Mutane suna tambaya, kuma lissafi ya amsa. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta kai kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit. Akwati mai shan wat 20 yana cin yunit 14.4 a wata, wato kimanin naira 3,240 a wancan farashi. Na'urar sanyaya ɗaki mai shan wat 750, ko rabin yini kawai ta yi aiki, yunit 270 ne, fiye da naira 60,000. Idan akwai ɗakin da dama ake sanyaya shi, akwatin ya ci albarkacinsa, amma kada a sa shi daidai bakin iskar, domin idan an ɗauke wuta a damina, ƙarfe mai sanyi yana tara raɓa. Kunna esi saboda akwatin kaɗai kuwa asara ce. Inuwa, tsabta da hanyar iska sun isa riƙe faifai a ƙasa da 45 a mafi yawan shekara.

Jerin aikin ke nan, daga na kyauta zuwa mai cin kuɗi: awo, wurin zama, shara, raba shi da katako, saiti, sannan sabuwar fanka. Wanda ya bi su a jere, sau da yawa ba ya kaiwa na ƙarshe.

Zafi yana cin faifai ne a hankali, cikin shekaru. Akwai abin da ke iya lalata shi cikin daƙiƙa ɗaya: a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, ko a dawo da ita da ƙarfin da ya wuce kima. Duk wanda ke kan layin kamfanin rarraba wuta na AEDC, yana sauyawa tsakanin wutar gari da janareta da sola, ya san sau nawa hakan ke faruwa a mako. Babi na gaba zai duba yadda ake zaɓen na'urar batir mai riƙe wuta, wato UPS, da ya dace da akwatin, yadda ake haɗa su ta yadda akwatin zai kashe kansa lafiya kafin batir ya ƙare, da abin da za a yi masa idan hadarin damina ya taso da tsawa.